Umarnin Da Ya Sace Min Zuciya: Sharhi Kan /sockudp Na mIRC

Ina son /sockudp, so na gaske. A cikin duk umarnin da ke ƙunshe a manhajar hira ta mIRC, kuma suna da ɗimbin yawa, babu wanda ya kama min zuciya kamar wannan. Layi guda za ka rubuta, ka danna Enter, sai maganarka ta bar kwamfutarka ta faɗa cikin ta maƙwabcinka. Ba rajista, ba lambar waya, ba kamfanin da ya tsaya a tsakani yana leƙen abin da kuke faɗa. Ko data ba ka buƙata, muddin kwamfutocin suna kan kebul ɗaya ko Wi-Fi ɗaya. Duk mai koyar da yara kwamfuta a Kafanchan, da duk mai riƙe da shagon intanet a Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi, ina roƙonsa don Allah ya ware wa wannan abu yammaci guda. Zai dawo ya yi min godiya.

Na san abin da samarin yanzu za su ce. mIRC? Wannan tsohuwar? Eh, tsohuwa ce, kuma tsufan nan abin alfahari ne. Khaled Mardam-Bey, wani mai rubuta manhaja da aka haifa a birnin Amman na ƙasar Jodan, yake zaune a Ingila, shi ya fitar da ita a ranar 28 ga Fabrairu 1995, domin masu amfani da Windows su samu hanyar shiga zaurukan hira na IRC. Shi kuwa IRC ɗin, Jarkko Oikarinen ne ya ƙirƙiro shi a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finland a 1988. Shekara talatin ke nan wannan bawan Allah yana riƙe da manhajarsa, yana gyara ta, yana fitar da sabon zubi, bai sayar wa wani ƙaton kamfani ba, bai cika ta da talla ba. Nauyinta 'yan megabayit ne kawai. Tsohuwar kwamfutar tokumbo da ke haki idan an buɗe mata shafi uku a burauza, ita ce za ta ɗauki mIRC tana murmushi.

Amma ba hirar ce ta riƙe ni ba. Abin da ya riƙe ni yana bayan maɓallan Alt da R. Ka danna su tare, sai wani farin allo ya buɗe, inda za ka rubuta wa manhajar umarni da hannunka: idan kaza ya faru, ki yi kaza. Cikakken harshe ne na rubuta shiri, ɓoye a cikin manhajar hira. Dubban matasa a duniya a nan suka fara koyon wannan sana'a ba tare da sun san koyo suke yi ba, su dai suna son su ƙera ɗan mutum-mutumin da zai riƙa gaishe da baƙi a zaure. A cikin harshen nan akwai sashen soket, wato bakin da shiri ke magana da wata na'ura ta cikinsa. Soket iri biyu ne: na TCP da na UDP. Na biyun shi ne masoyina.

Ku zo mu shiga kasuwar Kafanchan a lokacin da citta ta sauka. Ga wani ɗan kasuwa ya tsaya gaban rumfa: ya yi sallama, ya jira a amsa, ya ce madalla, sannan aka fara ciniki, kuma duk buhun da aka auna sai ɗaya ya faɗa ɗaya ya tabbatar. Wannan shi ne TCP. Ga kuma mai baro ya taho a guje da kaya fal, yana cewa "Hanya! Hanya!" Bai jira kowa ya amsa ba, bai tsaya duba wa ya ji ba, ya faɗa ya wuce, kuma mafi yawan lokuta hanyar tana buɗewa. Wannan shi ne UDP. Kasuwa tana buƙatar su duka biyun.

David P. Reed ne ya tsara UDP a 1980, aka buga ƙa'idarsa a takardar RFC 768 a ranar 28 ga Agusta na shekarar, da sunan Jon Postel a kai. Shafi uku ce takardar. Shafi uku! Ni ban san wata takarda mai shafi uku da ta ɗauki nauyin duniya kamar wannan ba. Kan kowane ƙunshin saƙo bayit 8 ne kacal: lambar ƙofar mai aikawa, lambar ƙofar mai karɓa, tsawon saƙo, da wata lambar tantancewa da ke nuna ko saƙon ya gurɓace a hanya. Shi ke nan. Kan saƙon TCP kuwa ba ya gaza bayit 20, kuma kafin a aika ko harafi ɗaya sai an yi musayar gaisuwa sau uku. UDP bai yi maka alkawarin saƙonka zai isa ba. Bai yi alkawarin na farko zai riga na biyu ba. Yana iya isa sau biyu ma. Ya gaya maka wannan tun daga farko, ba ɓoye-ɓoye, kuma wallahi wannan gaskiyar tasa na daga cikin abin da ya sa nake ƙaunarsa.

Mu a nan muna da dalilin fahimtar darajar wannan sauƙi fiye da mutanen Legas ko Landan. Kafanchan ba baƙuwa ba ce a harkar haɗa hanyoyi. Tun 1927 layukan dogo suka haɗu a nan suka mai da garin mahaɗa. Kuma a unguwar Bayan Loco, Gidauniyar Fantsuam da John Dada da abokan aikinsa suka kafa a 1996 ta yi abin da birane da yawa ba su yi ba a lokacin. A 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya, cibiyar koyonta ta ci kyautar Hafkin ta farko da aka bayar a Afirka. Bayan 'yan shekaru ta kafa ZittNet, hanyar sadarwa mara waya ta al'umma, da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada da ƙwarewar kamfanin IT+46 na Suwidin: hasumiya mai tsawon mita 45, ɗakin sarrafawa da aka gina da tubalin jar ƙasa, batura da farantan hasken rana don kada ɗaukewar wuta ta kashe komai. Makarantu da asibitoci da gidajen addini na yankin suka riƙa shan intanet daga wannan eriya.

Intanet ɗin wancan zamani ta tauraron ɗan'adam yake zuwa, kuma a nan lissafi yake da daɗi. Irin wannan tauraro yana tsaye ne a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Tambayarka za ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauka: tafiya huɗu, sama da kilomita 143,000. Ko da gudun haske, wajen rabin daƙiƙa ke nan, kuma babu injiniyan da zai iya rage shi. Da TCP, rabin daƙiƙar farko gaisuwa ce ta cinye, ta biyu ce ta kawo amsa. Da UDP, tambaya ta tafi, amsa ta dawo, an gama. Shi ya sa neman adireshin shafi ta DNS a ƙofa ta 53 yake tafiya kan UDP, haka raba adireshi ta DHCP, haka muryar da kake ji idan ana kira ta intanet. A kiran murya, guntun sautin da ya makara ba shi da sauran amfani. Gara a bar shi ya ɓace a ci gaba da magana. Duk wanda ya taɓa zama a kafe yana kallon shafi na buɗewa layi-layi, jikinsa ya riga ya san wannan darasi, sunansa ne kawai bai sani ba.

To ga abin da kansa. Ka buɗe allon nan na Alt da R, ka rubuta:

alias aika { sockudp -kn hira 5000 192.168.1.255 5000 $me $+ : $1- }

Ku dube shi da kyau, don Allah. Kalmar hira suna ne da na raɗa wa soket ɗin, kowa na iya raɗa nasa. Lamba 5000 ta farko ƙofar da kwamfutata za ta tsaya a kai ce, ta biyun kuma ƙofar da nake ƙwanƙwasawa a can. Adireshin da ya ƙare da 255 shi ne na shela: duk na'urar da ke kan wannan hanya za ta samu saƙon, ba sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Harafin k yana cewa a bar soket ɗin a buɗe bayan aikawa, domin ya zama kunne. Idan babu shi, mIRC za ta aika ta rufe. Harafin n yana ƙara alamar ƙarshen layi. Sauran kuwa sunana ne da abin da na rubuta. Sai kunnen da kansa:

on *:udpread:hira:{
  if ($sockerr) return
  var %s
  sockread %s
  echo -a $sock($sockname).saddr %s
}

Ma'anarsa: duk lokacin da wani abu ya faɗo wa soket mai suna hira, idan babu matsala, a karanto shi, a nuna a allo tare da adireshin wanda ya aiko. Layuka bakwai duka-duka, da na sama. Kowa a ɗakin ya kwafa, kowa ya rubuta /aika salamu alaikum don buɗe nasa kunnen, sai ga zauren hira ya tsaya da ƙafarsa, ba uwar garke, ba intanet, ba kowa. Windows za ta tambaya ko a bar mIRC ta wuce katangar tsaro. A ce mata eh. Idan adireshin hanyarku ba 192.168.1 ba ne, umarnin ipconfig zai nuna muku naku. Idan babu rauta, wayar hannu ɗaya da aka kunna wa hotspot ta isa, ko da babu ko kobo na data a cikinta.

Kuma tun zubi na 7.1 da ya fito a 2010, mIRC ta koma tsarin Unicode, don haka ɓ da ɗ da ƙ suna wucewa da ƙugiyoyinsu, kowanne yana cin bayit biyu a hanya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. A ɗakin da nake koyarwa akwai Bajju, akwai Atyap, akwai Fantswam, akwai Ham, akwai Hausawa da Fulani, kuma da zarar zauren ya buɗe, da Hausa kowa ke zuba.

Ga inda abin ya fi burge ni, kuma a nan zan daɗe. Wata rana ana cikin gwaji a kan Wi-Fi mai rauni, hadari ya haɗo ta wajen duwatsun Kagoro, wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, na aika saƙo uku, biyu ne suka isa wurinta."

Na ce, "Wanne ne ya ɓata?"

Ta juya wajen ƙawarta, suka haɗa allo da allo. "Na tsakiya, Malam."

"Da ba ta kusa da ke, ya za ki gane?"

Ta yi shiru. Wani yaro a bayanta, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Malam, a sa musu lamba mana. Ɗaya, biyu, uku. In ta ga ɗaya ta ga uku, ta san biyu ya faɗi."

Na ce ya zo ya rubuta. Ya ƙara ɗan ma'aji mai ƙirga, %lamba, yana ƙaruwa da umarnin inc duk lokacin da aka aika. Nan take wata ta ce ai sanin ya faɗi bai isa ba, sai mai karɓa ya mayar da amsa: na ji ɗaya, na ji uku. Wani ya ce to in amsar ce ta ɓata fa? Aka ɗauko /timer: a jira daƙiƙa biyu, in ba a ji amsa ba a sake aikawa. Sai ga saƙo ɗaya ya bayyana sau biyu a allon wani, domin na farkon ashe bai ɓata ba, makara ya yi. Aka koma aka ce mai karɓa ya riƙa tuna lambobin da ya riga ya gani, ya watsar da maimaici. Aka yi gardama mai zafi kan sau nawa za a sake aikawa kafin a haƙura.

Ina tsaye ina kallonsu, tsikar jikina na tashi. Lambar jeri, amsar tabbatarwa, agogon jira, sake aikawa, zubar da maimaici: waɗannan su ne ƙashin bayan TCP, abin da Vint Cerf da Bob Kahn suka shimfiɗa tubalinsa a 1974. Yaran nan ba su karanta shi a littafi ba. Matsala ce ta tsaya musu a gaba, suka bi ta da hankalinsu har suka iso inda manya suka iso. Da TCP na fara koya musu, da duk wannan yana ɓoye a ƙarƙashin Windows, suna jin sunansa kawai suna haddacewa don jarrabawa. UDP ne ya bar ramin a buɗe suka gan shi da idonsu, mIRC kuma ta sa cike ramin ya zo daidai ƙarfinsu, domin babu wani dogon shiri kafin a gwada: ka gyara layi, ka danna OK, ka aika. Gani ya kori ji.

Kada wani ya ɗauka wasan yara ne. A watan Mayu na 2021 aka buga ƙa'idar QUIC a RFC 9000, wadda ta samo asali daga Google, a 2022 kuma aka ɗora HTTP/3 a kanta. Me QUIC ta yi? Ta ɗauki UDP tsirara, ta gina nata lambobin jeri da tabbatarwa da ɓoye sirri a samansa, domin a rage yawan kai-da-komo kafin shafi ya buɗe. Bidiyon YouTube da kake kallo a wayarka a tashar mota, akwai kyakkyawan zaton ta wannan hanya yake iso maka. Manyan injiniyoyin duniya sun koma kan takardar nan mai shafi uku.

Abu na biyu da nake so in nuna a kusa shi ne agogo. Duk mai gyaran kwamfuta a garin nan ya san ciwon: tokumbo ta iso, ƙaramin batirin da ke kan allon uwa ya mutu, wuta ta ɗauke, a kunna, sai agogo ya koma shekarun baya. Daga nan burauza ta ƙi buɗe shafuka, tana cewa takardar shaidar tsaro ba ta yi ba, mai kwamfuta ya ɗauka cuta ce ta shiga. Maganin dindindin sabon batiri ne, wannan ba gardama. Amma dubi yadda /sockudp ke ba ka damar tambayar duniya ƙarfe nawa, da hannunka. Tsarin NTP, wanda David L. Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya tsara a tsakiyar shekarun 1980, yana sauraro a ƙofa ta 123. Tambayarsa bayit 48 ce, na farko ya zama 27, sauran duk sifiri:

bset &t 1 27
bset &t 48 0

Alamar & tana nufin ma'ajin ɗanyen bayit, ba rubutu ba. Layi na biyu yana da wayo: da ka sa sifiri a gurbi na 48, mIRC da kanta za ta cike guraben da ke tsakani da sifiri. Sai ka nemo adireshin lamba na pool.ntp.org da umarnin /dns, domin /sockudp lamba yake so ba suna ba, ka aika &t zuwa ƙofa ta 123 da harafin k. Kafin ka ɗaga kai, bayit 48 sun dawo. Guda huɗu daga gurbi na 41 zuwa na 44 su ne adadin daƙiƙoƙin da suka wuce tun 1 ga Janairu 1900. Ka cire 2,208,988,800 don ka dawo lissafin da ya fara daga 1970, ka miƙa wa $asctime, sai ga rana da wata da shekara da sa'a a allonka, daga agogon da ke bin na atom. Subhanallah! Ranar farko da na ga wannan sai da na tashi tsaye. Kuma ga ɗan abin lura ga masu son zurfi: bayit huɗun nan za su cika su koma sifiri a watan Fabrairu na 2036, don haka yaran da nake koyarwa yau su ne za su kasance kan aiki a lokacin.

Abu guda da sabon shiga zai kiyaye: ma'ajin & ba ya daɗewa, da rubutun ya gama gudu yake gogewa. Saboda haka haɗawa da aikawa su kasance cikin alias ɗaya, karantawa da lissafi kuma cikin udpread ɗaya.

Masu shagon intanet da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, ga naku. Akwai wani saƙo da ke tada kwamfutar da ke kashe, wanda kamfanin AMD ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1990. Bayit 102 ne: 255 sau shida, sannan lambar katin sadarwar kwamfutar, mai bayit shida, a maimaita ta sau 16. A aika shi ta adireshin shela, yawanci ƙofa ta 9. Katin yana kwance da kunne ɗaya a buɗe. Da ya ji lambarsa sai ya kunna injin. Da madauki ɗaya na while da $base don juya lambobin, ka gama rubutun. Ka zauna a teburinka da safe ka rubuta umarni guda, ka ji fankoki suna tashi layi-layi har ƙarshen ɗaki. Sai dai a kunna damar a cikin BIOS, a yi amfani da kebul, kuma soket ɗin bango ya kasance da wuta. Bayan ɗaukewar wuta wasu injinan sai an taɓa su da hannu sau ɗaya kafin su sake sauraro.

A Turai da Amurka, an yi amfani da wannan umarni a harkar wasanni. Matasa sun riƙa rubuta 'yan shirye-shiryen da ke tambayar uwar garken Quake ko Counter-Strike mutum nawa ke ciki, wace taswira ake bugawa, su zuba amsar a zauren hira. Mu namu buƙatun daban ne, amma ƙofar ɗaya ce.

Masoyi na gaskiya ba ya ɓoye wa mutane halin abin da yake so, don haka ga abin da ya kamata a sani. Saƙon UDP a fili yake tafiya. Duk wanda ke kan hanyar yana iya karantawa, kuma ana iya ƙirƙirar adireshin mai aikawa na ƙarya. Kada a aika kalmar sirri ta nan. Mafi muhimmanci, kada a taɓa ɗaukar rubutun da ya shigo daga waje a miƙa wa $eval ko a cusa shi cikin /timer kai tsaye, domin mIRC za ta iya ɗaukarsa a matsayin umarni, wani ya sarrafa kwamfutarka daga nesa. A nuna shi a allo, a gwada shi da if, amma kada a gudanar da shi. Girman saƙo kuma, ko da yake ƙa'ida ta yarda har bayit 65,507, hanyar kebul ta yau da kullum 1,500 take ɗauka a ƙunshi guda, wato 1,472 ke rage maka bayan an cire kawuna; abin da ya haura sai an daddatsa shi, kuma in guntu ɗaya ya ɓata duka ya tafi. Gajeren saƙo shi ne lafiya. Wasu rautoci na otal da ofis suna hana na'urori ganin juna, a nan shela ba za ta yi aiki ba. Haka kuma in kana kan datar waya, kamfanonin sadarwa suna tara dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, don haka tambayarka za ta fita amsa ta dawo, amma wani daga Zariya ba zai iya fara ƙwanƙwasa maka ƙofa ba.

Akwai kuma masu ɗaukar wannan kyakkyawan umarni su sa shi a madauki suna yi wa na'urar wani ambaliyar saƙo har ta suma. Wannan yana ɓata min rai ƙwarai. Zalunci ne, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta kutse da katse wa na'urar wani aiki a Najeriya. A ajina doka ta farko ita ce ba a aika wa adireshin da mai shi bai yarda ba.

Za a ce me ya sa ba Python ba? Ina koyar da Python, ina kuma ganin girmansa; wanda zai nemi aiki da wannan sana'a dole ya je can. Amma a ranar farko, yaron da bai taɓa rubuta shiri ba yana buƙatar taga da ke buɗe tana jiransa, wurin rubutu a ƙasa, wurin amsa a sama, da abokinsa a kujerar gefe yana ihu "Ya shigo!" mIRC ta zo da duk wannan a haɗe. Sauraron saƙo ba ya tsayar da sauran aiki, ba sai ka san zaren aiki ko wani abu mai rikitarwa ba. Udpread yana kwance har sai an taɓa shi. Fayil ɗin taimakonta kuma, wanda /help /sockudp ke buɗewa, yana cikin kwamfutar, ba ya cin data, kuma an rubuta shi a taƙaice ba tare da yawo ba. A garin da wuta ke zuwa ta tafi, data kuma ke tsada, kayan koyon da ke aiki a ɗaki rufe a kan batirin sola ni'ima ne babba.

Manhajar ta Windows ce. Masu Linux suna tada ta ta cikin Wine. Ana gwada ta kyauta na kwana 30, daga nan a biya kuɗin rajista, wajen dala 20. Na san nauyin wannan a naira. Duk da haka ina kira ga duk cibiyar da ke da hali ta biya, domin mutumin da ya riƙe abu shekara talatin da irin wannan amana ya cancanci haƙƙinsa. Wanda ba shi da hali, akwai AdiIRC, kyauta ce, kuma tana fahimtar mafi yawan wannan harshe.

Yanzu haka ɗalibaina suna kan DNS. Sun ƙi yarda su yi amfani da /dns, sun ce da hannu za su ƙera tambayar: kai mai bayit 12, sannan sunan shafin a yanka shi a kowane ɗigo, kowane yanki a sa masa tsawonsa a gaba, a rufe da sifiri, a ƙara bayit huɗu na nau'in tambaya, a aika ƙofa ta 53. Amsa tana dawo musu, sun ga lambobin a allo. Abin da ya tsayar da su shi ne wani bayit mai lamba 192 da ke bayyana a farkon amsar inda suke tsammanin ganin suna. Alama ce da ke cewa sunan yana can baya, a koma a karanto shi, don kada a maimaita. Ban gaya musu ba tukuna. Yaron nan mai shiru-shiru ya riga ya lura cewa bayit ɗin da ke biye da shi kullum 12 ne.